Bargo Uku a Kan Tsalle

A gidansu kowa Auta yake ce mata. Ajinta huɗu a firamare, kuma tana da hali guda. Ba ta son tambaya. Da zarar ta ga an yi abu sau ɗaya, shi ke nan, a wurinta ta ƙware.

Yayanta yana da kare baƙi mai gashi da yawa. Sunansa Tsalle, don ba ya iya zama wuri ɗaya. Ranar da Yaya zai koma makarantar kwana, ya miƙa wa Auta igiyar karen.

"Amana na ba ki," in ji shi. "Ki kula da shi."

"Haba Yaya, kare ne fa, ba jirgin sama ba," in ji Auta.

Wata Asabar aka tashi da rana mai zafin gaske. Mama ta fita sayayya. Kaka tana barci a ɗaki. Auta ta hau kekenta, ta ja Tsalle suka fita. Ta yi ta zagaye unguwa, shi kuwa yana binta a guje a kan kwalta. Sau shida suka zagaya.

Da suka dawo, Tsalle bai nufi kwanon ruwansa ba. Ya zube a tsakar gida. Harshensa ya zaro waje, yana haki da ƙarfi. Ƙafafunsa suna rawa.

Auta ta taɓa kunnensa. Zafi zau!

"Wayyo, zazzaɓi ne!" in ji ta.

Nan take ta tuna da Kaka. Duk ranar da zazzaɓi ya kama Auta, Kaka takan lulluɓe ta da bargo, ta ce, "Yi gumi, sai ki ji sauƙi." Auta ta gyaɗa kai. Ai magani yana hannunta, me za ta tashi wani daga barci?

Ta ja Tsalle da ƙyar zuwa ɗakin ajiya da ke can ƙarshen gidan. Ɗaki ne mai rufin kwano, ba taga, cike da tsofaffin tayoyi da gwangwanayen fenti. Ta kwantar da shi, ta rufa masa tsohon bargo. Ta jira kaɗan, ta zura hannu ta shafa bayansa. A bushe.

Ta ƙara bargo na biyu. Ta sake shafawa. Ko ɗigon gumi babu.

"Kai dai akwai taurin kai," in ji ta. "Kuma ka rufe bakin nan, iska tana shigar ka."

Ta ɗauko bargo na uku, ta rufe shi har kai. Ta ja ƙofa ta fito, tana jin kanta kamar babbar likita.

Ba a jima ba Mama ta dawo. Ta ajiye jaka, ta waiga.

"Ina karen nan? Yau bai tare ni ba."

"Ba shi da lafiya, amma na yi masa magani," in ji Auta, tana murmushi. "Na lulluɓe shi a ɗakin ajiya don ya yi gumi."

Mama ta tsaya cik.

"Kin me? A wannan zafin?"

Ba ta jira amsa ba. Ta nufi ɗakin ajiyar da gudu, takalminta ɗaya ya cire ba ta ko kula ba. Auta ba ta taɓa ganin Mama tana gudu ba. Ita ma ta bi ta da gudu.

Da Mama ta buɗe ƙofar, wani hucin zafi ya buso musu. Ta yaye bargunan. Tsalle yana kwance a gefe ɗaya, ba ya motsi. Harshensa ya yi jajawur, miyau mai kauri yana dalala. Idonsa a buɗe, amma ba ya kallon kowa.

"Tsalle!" Auta ta kira shi.

Ko jela bai kaɗa ba.

"Kama ƙafafunsa, mu fitar da shi inuwa! Maza!" in ji Mama.

Suka ɗauke shi zuwa gindin bishiya. Mama ta kira likitar dabbobi a waya. Ta saka wayar yadda kowa zai ji.

"Ku zuba masa ruwa mai sanyi a jiki," in ji likitar. "A ciki, da wuya, da tafin ƙafa. Ku kunna masa fanka. Kada ku ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Kuma kada ku rufa masa komai, ko da jiƙaƙƙen zane ne. In kun jiƙa shi, ku kawo mini shi yanzu yanzu."

Auta ta yi ta kai da kawowa da bokiti, tana kuka. Hayaniyar ta tashi Kaka. Ta fito, ta hango barguna zube a ƙofar ɗakin ajiya, ta ga kare kwance cikin ruwa. Ta dafe ƙirji.

"Ikon Allah! Me zan gani haka?"

Suka saka Tsalle a kujerar baya ta motar Mama, tagogi duk a buɗe. Kaka ma ta ce ba za a bar ta a gida ba.

A asibitin dabbobi, likitar ta ɗora shi a kan teburin ƙarfe. Ta auna zafin jikinsa. Ta kalli ma'aunin, ta sake kallo, ta girgiza kai.

"Da kun ƙara minti goma, da ba wannan maganar muke yi ba," in ji ta.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Aka aske wa Tsalle gashi kaɗan a ƙafa, aka saka masa ƙarin ruwa. Likitar ta juyo.

"Wa ya lulluɓe shi?"

"Ni ce," in ji Auta, murya can ƙasa. "So nake ya yi gumi ya warke."

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta jawo ta kusa.

"Zo ki gani, 'yata. Ko bargo ɗari kika rufa masa, bayansa ba zai jiƙe da gumi irin naki ba."

Auta ta zaro ido. "Kare ba ya gumi?"

"Kaɗan ne ƙwarai, a nan." Ta ɗaga ƙafar Tsalle, ta nuna mata tafin. "Mu mutane, gumi ne yake sanyaya mu. Shi kuwa haki ne. In ya zaro harshe yana haki, iska tana busar da danshin bakinsa, ta tafi da zafin. Ba zazzaɓi ya yi ba. Gudu a rana ne ya dafa shi. Yana ƙoƙarin sanyaya kansa, ke kuma kika rufe masa hanyar."

Auta ta rufe baki da hannu biyu. Ashe lokacin da take ce masa ya rufe baki, ransa yake ƙoƙarin ceta.

"Ni na koya mata," in ji Kaka, jiki a sanyaye. "Haka nake mata in tana zazzaɓi."

"Ko mutum, Kaka, in jikinsa ya yi zafi, ba a jibga masa barguna," in ji likitar. "Kaya marasa nauyi, da ruwan sha, da zuwa asibiti."

Kaka ta riƙe haɓa. "Shekara saba'in ina lulluɓe mutane! To ni da ke, 'yar nan, duk aji ɗaya muke."

Ba wanda ya iya dariya. Kowa idonsa yana kan teburin.

"To bargo ba shi da amfani a wurin kare?" Auta ta tambaya.

"Yana da shi, a lokacinsa. In ana sanyi sosai, ko ruwan sama ya jiƙa shi yana makyarkyata, ki goge shi, ki shimfiɗa masa a busasshen wuri. In kuwa zafi ake, inuwa da ruwa da iska yake so. Kafin ki fita da shi, ki ɗora bayan hannunki a kan kwalta. In ba ki iya jurewa ba, shi ma ƙafarsa ba za ta jure ba."

Suka zauna jira. Awa ɗaya ta wuce. Ta biyu ta kama hanya. Auta ba ta ɗauke ido daga cikin Tsalle ba, tana kallon yadda yake hawa da sauka.

Can sai aka ji ƙara a jikin ƙarfe. Ƙwas. Ƙwas.

Jelarsa ce take bugun tebur.

"Mama! Ya motsa! Wallahi ya motsa!"

Tsalle ya ɗaga kai da ƙyar. Likitar ta miƙa wa Auta ƙaramin kwano. Ta riƙe masa, ya lashi ruwan sau uku, ya ɗago ya kalle ta. Mama ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna daɓas a kan benci.

"Ya tsallake," in ji likitar. "Zai kwana biyu a nan, sannan ku tafi da abinku."

A hanyar gida Mama ta ce, "Na san taimako kika yi niyya. Amma me kika koya?"

Auta ta share hawaye. "Abin da yake yi wa mutum ba lallai ya yi wa dabba ba. Kuma in ban san abu ba, in tambaya kafin in yi."

"Haka ne. Da kin tashi Kaka, ko kin kira ni, da sai mu nemi likita tun da wuri."

Bayan kwana biyu Tsalle ya dawo gida, ƙafa ɗaya a aske. Yana shiga ya nufi gindin bishiya ya kwanta. Auta ta cika masa kwano da ruwa, ta zauna daga gefe. Ya zaro harshe yana haki a hankali.

"Yi abinka," in ji ta. "Buɗe bakin da kyau."