Kukan Almakashi

Ranar da Lisandro Peralta ya fara ganin Delfina, daga sama ya faɗo mata, kuma ba wasa nake ba. Motar da ya tuƙo ta faɗa ramin da ke ƙofar maƙerar babanta, ta yi tsalle kamar akuyar da aka watsa wa ruwa, ta wurgo shi kan tarin ciyawa. A 1924 ne, a garinmu Santa Rufina, lokacin da motocin garin duka ba su kai goma ba. Shagon ɗinkina yana kallon maƙerar, don haka komai a kan idona aka yi.

Delfina ta fito da gwangwanin kitse a hannu, ta ƙare masa kallo.

"Sannu, bawan Allah. Kai ka tuƙo motar ko ita ta tuƙo ka?"

"Har bakin ramin nan dai ni ne," in ji shi, yana cire ciyawa daga gashinsa. "Daga nan ta karɓa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta shiga ta kawo masa shayinmu na mate, da sukari da ɓawon lemo. Duk 'yar garinmu ta san ba kowane baƙo ake sa wa ɓawon lemo ba.

Babanta, Don Anselmo Gariglio, maƙerin keken doki ne, shekara talatin yana kan sana'ar, kuma ya tsani mota kamar mutuwarsa. Doka ɗaya ce a gidansa: duk abin da ya yi ƙara, a shafa masa kitse. Ƙofa ta yi ƙara, kitse. Taya ta yi ƙara, kitse. Ƙara a wurinsa abin kunya ce ga mai sana'a. A kan wannan Delfina ta tashi, tun mahaifiyarta na da rai.

Shi kuwa Lisandro maraya ne daga arewa, yana gyaran injin casar alkama. Abu ɗaya ya hana shi sakat, wato tsallen mota. Ya ce sifirin yana karɓar dukan hanya, amma sai ya rama. Sai ya ƙera ƙarafa biyu masu haɗuwa a tsakiya, ɗaya a jikin mota, ɗaya a gindin taya. A mahaɗar ya jera faya-fayan katako da na fata, ya matse da noti. Gogar da faya-fayan ke yi wa juna ita ke cinye tsallen. Mutanen gari suka sa wa abin suna almakashi. Bai taɓa yi wa kowa bayanin yadda yake aiki ba, wai kada a sace masa basira. Ni dai har gobe ina jin haushin wannan rufin bakin nasa.

Wasiƙunsa da Delfina ta shagona suke bi, cikin aljihun rigunan da ake kawo mini gyara. Ba zan yi ƙarya ba, ina karantawa.

"Fina tawa, yau faifai na bakwai ya ƙone. In na takwas ya ƙi, zan roƙi babanki aron zuciyarsa, ita ba ta goguwa. Naki, Mai Baƙin Hannu."

"Mai Baƙin Hannu, ka wanke hannun nan kafin Lahadi, Baba ya ce ka zo. Kada ka ambaci mota sai ya gama cin abinci. In ya zage ka, ka dubi taga, ina nan. Fina."

Ranar Lahadi Don Anselmo bai ko bari ya zauna ba.

"Kai ne mai almakashi? Ɗan gidan Bonansea yana neman 'yata. Aurelio, wanda gonar ubansa ba a ganin ƙarshenta. Kai me ka zo da shi?"

"Hannuna, Don Anselmo."

"To, za mu ga hannun. A gidan nan ba keken da ke fita sai an ɗora masa bokitin madara an kai tashar jirgin ƙasa, madarar ba ta sauka daga zanen da na yi ba. Ranar Asabar ka yi haka da tarkacenka. In ta kai, Delfina taka ce. In ta zube, kada in ƙara ganin ƙeyarka a layin nan."

Da safiyar Asabar Lisandro ya ajiye motar a harabar maƙera, ya tafi karɓo madara. Delfina ta jingina da motar, sai ta ji ƙiii. Ta danna, ta sake jin ƙiii. Ta taɓa tambayar Lisandro dalilin wannan kukan, ya ce mata, "Waƙa yake miki, Fina," ya ja hancinta. Ta san in babanta ya ji ƙarar nan, a gaban jama'a zai wulaƙanta shi tun kafin a tashi. Ta ɗauko gwangwaninta, ta durƙusa, ta cusa kitse a mahaɗa huɗun nan da ɗan yatsa, a tsanake, har suka yi tsit. Na hango ta tana goge hannu tana murmushi, ban san me ta yi ba.

Rabin gari ya bi motar a kan dawakai. Tun ramin farko madara ta fara fantsama. Lisandro ya waiwaya, ya kasa gaskata idonsa. A gangaren gadar katako motar ta yi tsalle sau uku, a na huɗu ta kife, hannunsa na dama a ƙarƙashinta.

Jirgin ƙasan rana ya kai shi asibiti a birnin Rosario, aka yanke masa yatsu uku. Don Anselmo ya ja motar da dawakai zuwa rumfar baya, ya kulle. Bayan wata guda takarda ta zo, rubutun a karkace, da hagu aka yi shi.

"Delfina, abin bai yi ba. Ni na kuskure a lissafi. Kada ki jira mai rabin hannu. L."

Babu Fina, babu Mai Baƙin Hannu. Ta yi ta aika wasiƙu suna dawowa a rufe. Ta rame, ta daina dariya, kuma ba wanda ya ƙara shan ɓawon lemo a gidan. Shekara huɗu Aurelio yana sintiri da furanni, babanta yana mata mita, har ta gaji ta ce to. Ni na yanka rigar auren, raina a ɓace.

Saura mako biyu biki, Aurelio ya zo nuna mata sabuwar motar da aka sauko masa da ita daga jirgin ruwa. Ya yi tsalle a kan matakalarta don ta ga laushi. Motar ta ce ƙiii. Delfina ta leƙa ƙasa, ta ga almakashi, irin na Lisandro sak, da sunan wani kamfani a jiki. Hannunta da kansa ya kai ga gwangwani.

"Ke! Kada ki kuskura!" Aurelio ya fizge hannunta, yana dariya. "Ku 'yan gidan keken doki, komai kitse! Wannan a bushe yake aiki. Kukan nan shi ne alamar yana riƙo."

"In an shafa fa?"

"Sai ta yi ta tsalle har ta kifar da mutum."

Gwangwanin ya faɗi, ya gangara har bakin shagona. Delfina ta wuce maƙera ba ta ko waiwayi Aurelio ba. Na bi ta, don fuskarta ta ba ni tsoro.

"Baba, ranar da kuka ja motar nan, kun duba ƙarƙashinta?"

Don Anselmo ya ajiye guduma. "Na duba."

"Me kuka gani?"

"Na san warin kitsen gidana, Delfina."

"Sai kuka yi me?"

"Na wanke da kananzir."

"Don ni, ko don ku?"

"Da farko don ke," in ji shi.

A kan teburina ta rubuta wasiƙar, kuma a bayan ambulan ta rubuta, don ko bai buɗe ba ya gani.

"Lissafinka daidai ne. Ni na shafa wa almakashin kitse, don kada Baba ya ji kukansa ya yi maka dariya. Ni na ci maka yatsu. Ba gafara nake nema ba, so nake ka sani. Delfina."

Ta mayar wa Aurelio zobensa a ranar. Ya yi ta zage-zage a kasuwa, bayan wata biyu ya auri 'yar mai magani.

Lisandro ya zo ranar wata Laraba. Ashe duk shekarun nan sandar mararrabar jirgi yake ɗagawa a bayan Rosario. Ya tsaya a bakin ramin nan, wanda har lokacin ba a cike ba, hannunsa na dama a aljihu. Delfina ta fito, suka tsaya kamar baƙi.

"Shekara huɗu ina maimaita lissafin nan a kaina," in ji shi. "Kullum daidai yake fita. Har na ɗauka taɓin hankali ne ya same ni. Na ƙona zanen duka, Delfina. Yanzu kullum motoci suna wucewa ta gabana da abina a ƙarƙashinsu, ni ina ɗaga musu sanda."

"Ka tsane ni. Wallahi zai fi mini sauƙi."

"Na gwada. Tun daga Rosario nake gwadawa a cikin jirgi." Ya dube ta. "Sai in tuna kin tambaye ni. Kin ce me ya sa yake kuka, na ce waƙa ce. Kalma uku da na faɗa miki, da yatsuna suna nan."

"Nuna mini hannun."

Ya ƙi. Ta sa hannu a aljihunsa ta fito da shi, ta riƙe da hannu biyu, tana kuka ba sauti.

"Ya yi fari," ta ce. "Ina baƙin?"

"Ba mai ba rabin hannu aiki, Fina."

Da ta ji sunan nan sai kukan ya ɓalle. "Ga nawa goma. Kai ka faɗa, ni in ɗaura. Amma wannan karon komai za ka faɗa mini."

Rigar da na yanka don auren Aurelio ita na rage don bikinta da Lisandro, saboda amaryar ta zube sosai. Ranar bikin Don Anselmo ya buɗe rumfar baya ya turo tsohuwar motar. Mako uku suka yi a kanta, Lisandro na faɗa, Delfina na juya sifana, tsohon na yanka faya-fayai. Bayan an fito daga coci, ba wanda ya roƙe shi, ya ɗauko bokitin madara ya ɗora a kujerar baya, ya yi zanensa.

Delfina ce ta tuƙa, ango a gefenta. Motar ta yi ta ƙiii, ƙiii tun daga coci har tasha, ta haye gadar katako kamar ba gada. A tasha muka kewaye bokitin. Madara tana kan zane.

Jama'a suka ɗauki tafi. Lisandro bai tafa ba. Ya dubi madarar, ya dubi hannunsa, ya mayar da shi aljihu. Don Anselmo ya cire hula.

"Ta kai, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a, ya ba ku haƙurin da ni ban yi ba."

Muka ce amin. Allah kuwa ya amsa, don sun haifi 'ya'ya biyar, sun mayar da maƙerar gareji, kuma ban taɓa jin ya goranta mata ba. Sunansa dai bai hau jikin ƙarfen kowa ba har ya bar duniya.

Ita kuwa Delfina ba ta ƙara taɓa gwangwanin kitse ba. Ƙofar gidansu ta yi shekara arba'in tana kuka, safe da yamma, ina ji daga shagona. Wata rana na gaji na ce mata don Allah ta ɗan shafa mata wani abu.

Ta ce, "Bar ta, Doña Casilda. Muddin tana kuka, tana riƙe."