Jan Layi a Wuyan Wule

"Ki ja musu layi a wuya, shi ke nan fa! Sai ka ce dutse aka ce ki ɗauka!"

Gwaggo Laraba ce, ƙanwar Malam, mahaifin saurayina Saifuddeen, tsaye a ƙofar ɗakina tana nuna zanena da baki. A bayanta ga 'yarta Safina, ta sunkuyar da kai kamar ba ita ta kai tsegumin gidan Malam ba. Ta daɗe tana son Saifuddeen, kowa ya sani.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan ja ba."

"Zinariya! Malam ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoton mai rai. In an raba kai da jiki, ya halatta. In kin ƙi, babu aure!"

Ni ba wanda ya koya mini zane. Shekarar da ciwon huhu ya shiga garken Baffana a Jahun, shanu goma sha ɗaya suka ƙare cikin wata biyu. Muka dawo unguwar Takur, Baffa ya koma gadi, magana ma ta gagare shi. Ran nan na ɗauki gawayi na zana saniyarsa Wule a bango. Ƙafafunta suka fito kamar na tebur, amma yana gani ya kira sunanta. Daga nan na koma fenti da katako, na zana su ɗaya bayan ɗaya. Masu shayi da masu aski suka riƙa kawo mini aikin allon shago, har shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, kowa ya koma son fure.

Saifuddeen kuwa allon makarantar mahaifinsa ya zo in yi masa, ya tsaya gaban Wule yana dariya.

"Saniyar nan kallona take kamar ta san na makara Asuba."

A ranar na kamu, ba na musu.

Bayan tafiyar Gwaggo Saifuddeen ya zo, idonsa jajur.

"Zina, hasken idona... layi ne kawai."

"A wurinka ba."

"Ki tausaya mini..."

"Kai ma ka tausaya wa Baffa."

Ranar da na raka Inna asibiti, muna dawowa na tarar da shi a zaure, baki har kunne, yatsunsa duk jan fenti.

"Albishirinki! Malam ya zo ya gani da idonsa, ya sa rana!"

Na ture shi na shiga ɗaki.

Duk goma sha ɗayan. Kowacce da jan layi a maƙogwaro, a miƙe tsaf, wai har da abin awo ya yi aikin don kada ya ɓata mini zane. Baffa na zaune a gabansu, hularsa a hannu.

Bai ɗago ba ya ce, "Ko da suke mutuwa ban iya sa musu wuƙa ba. Mahauci na kira, na shige daji."

Saifuddeen ya biyo ni ɗakin.

"Wallahi don mu na yi, Zina!"

Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Inna, a mayar musu da kayansu yau."

"Zinariya! Saboda katako?"

"Saifuddeen, ina sonka, har yanzu da nake tsaye a nan ina sonka. Amma mutumin da zai jira in fita ya yi mini wannan, in na shiga gidansa me kuma zai jira in fita ya yi?"



Na ɗauko gwangwanin jan fentin na danƙa masa a hannu.

"Tafi da shi. Ƙila Safina za ta so a shafa mata a ƙofar ɗaki."

Sai da na ji ƙarar babur ɗinsa ta ɓace sannan na durƙusa na yi kukana, mai isata. Baffa bai ce in yi shiru ba. Tashi ya yi ya fita, bai daɗe ba ya dawo da sabon katako a kafaɗa, ya jingina mini a bango.

"Ki fara da Wule," ya ce.