Ƙarin da Ya Raba Rauda da 'Yarta

Rauda na kwance a ɗakinta a Tudun Wada, ta rame sai idanu, mararta ta kumbura ta yi tauri kamar dutse, lokacin da Hajiya Atika, yayar marigayi mijinta, ta faɗo ko sallama babu. Ta ji an ce hoton asibiti ya nuna ƙari mai kama da ciwon daji, shi ke nan ta gama yanke wa baiwar Allah hukunci! Ta tattara kayan Ummulkhairi, 'yar Rauda tilo mai shekara shida, wai za ta riƙe ta a Hanwa, gara ta saba da maraici tun yanzu.

"Yaya, ki bar min ita ko ruwa ta riƙa miƙo min..."

"Ke da kike bakin kabari?" in ji Atika, ta fizgi yarinyar tana ihu.

Wayyo Rauda! Ciwo na cinta, kewar 'ya ta fi ciwon. Kullum sai kuka da "Allah ka isar min".

Likitar da ke duba ta kuwa ba ta yarda da hoto kaɗai ba, sai da ta ciri ɗan nama daga ƙarin aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito da fara'arta ta tare ta. Ba daji ba ne! Wata ƙwayar cuta ce da ba kasafai ake gani ba, ta taru a jikin robar tazarar haihuwa da ta daɗe ba a cire ba. Aka cire robar, aka ɗora Rauda a kan allurai da ƙwayoyi na watanni. Ta faɗi ta yi sujada tana kuka tana dariya.

Tana samun ƙarfin ƙafa ta nufi Hanwa, ta tarar gidan Atika maƙil ana sunan jikarta. Sallamarta ke da wuya matan unguwa suka watse da salati, har da masu barin takalma! Ashe Atika ta daɗe da gaya musu, har da yarinyar, cewa Rauda ta rasu, ta ma karɓi gaisuwa.

Malam Kailani, babban wan Atika, ya shigo ya ji abin da ya faru. A gaban taro ya ce daga yau ba za a sake ba ta riƙon ɗan kowa a dangi ba. Atika ta sulale ƙasa, ba wanda ya ɗaga ta.

Ummulkhairi ta matso a hankali, ta taɓa fuskar uwarta.

"Umma... in za ki koma, ki tafi da ni."

Rauda ta sunkuce ta, ta goya ta duk girmanta, suka fito.