Kulkin Kaka a Ƙarƙashin Birki

Yara, bari in ba ku labarin motar gidanmu, da abin da 'yata ta yi mata wata ranar Asabar.

Mu a Katlehong muke. Motar ta mahaifina ce. Doguwa ce, mai ƙofa huɗu, kalar madara. Tsohuwa muke ce mata. Ina ƙarama a cikinta ake kai mu ƙauye, can KwaZulu, in Kirsimeti ta zo. Mu yara a baya, tukunya a kan cinya, kaza a cikin kwali. Baba ba ya gudu. Har manyan motocin kaya wuce mu suke yi, mu kuwa mu yi ta ɗaga musu hannu. Har yau in na shiga motar, ina jin ƙanshin lemon da muke ɓarewa a hanya.

Baba yana da wani gajeren kulki mai dunƙulallen kai. Kullum yana ƙarƙashin kujerarsa, kamar yadda mazan lokacin suke yi. Ban taɓa ganin ya daki kowa da shi ba. Da ya rasu, Mama, wadda yara ke kira Gogo, wato kaka, ta ce kada a cire shi. Ta ce muddin kulkin yana ciki, to mai shi ma yana ciki, yana kula mana da hanya.

Ƙanena Mthunzi ne ya gaji motar. Bakanike ne, kuma yana son wasan zamiya. Akwai wani fili a bayan gari da ake buɗewa wasu ranakun Asabar. Direba zai shiga kwana da gudu, ya sa bayan motar ya zame gefe. Tayoyi su yi ta hayaƙi, amma motar ba za ta ƙwace masa ba. Tsohuwa ta dace da wasan, don tayoyin baya ne suke tura ta. Ran Asabar ta sha hayaƙi. Ran Lahadi a mayar mata da tayoyinta masu kyau, ta kai Mama coci.

Filin yana da doka mai ƙarfi. Kafin mota ta shiga, sai an kwashe duk abin da ke cikinta. Laima, kwalba, shimfiɗar ƙafa, komai. Wani dattijo, Bra Lefa, shi ke dubawa. Duk direban da ya mayar da wani abu bayan an duba, to shi da filin har abada.

'Yata a lokacin tana firamare. Tana son kawunta, wanda take kira Malume, ba kaɗan ba. Malume kaza, Malume kaza, yini guda. Ran nan ta roƙe shi ya bar ta ta kwashe kayan motar, aikin da ni na saba yi. Ya yarda. Ta kwashe komai ta zuba a jakata, har da kulkin. Bra Lefa ya zo ya leƙa ko'ina, ya ce mota ta yi.

Sai ga Molefi, abokin Mthunzi, wanda zai shiga filin da tasa motar tare da shi. A ranar ne karon farko da Tsohuwa za ta zame kafaɗa da kafaɗa da wata mota.

"Mthunzi, yau ma motar cocin ka kawo?" in ji Molefi. "Ka tabbata ka sauke littafin waƙar Gogo?"

"Kai dai ka rufe hancinka," in ji Mthunzi. "Hayaƙinta za ka yini kana sha."

"In na ɗan goge ta, wallahi ƙofofin nan sai an tsince su da kwando."

Suka yi dariya. Wasa suke yi, amma yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ja hannuna ta tambaye ni ko da gaske motocin za su iya haɗuwa. Na ce mata kada ta damu, na juya ina raba wa mutane fanke. Ban ga lokacin da ta buɗe jakata ba.

Ashe kulkin ta ɗauka. Ta lallaɓa ta tura shi ƙarƙashin kujerar direba. A ranta, ta mayar wa kawunta da mai tsaron hanya.

Aka ɗaga tuta. Motocin biyu suka tashi. Kwanar farko ta yi kyau ƙwarai. Tsohuwa ta kwanta gefe, hayaƙi ya tashi fari fat, mutane suna tafi. Amma duk juyin da motar ta yi, kulkin yana gangarowa gaba.

A kwana ta gaba, Mthunzi ya taka birki. Birki ya ƙi sauka. Kan kulkin ya shige ƙarƙashinsa ya tokare. Ya ja birkin hannu, ya kauce wa Molefi da ƙyar. Tsohuwa ta tafi ta daki katangar tsofaffin tayoyi.

Fili ya yi tsit.

Mthunzi ya fito da ƙafarsa, ya cire hular kwano. Bai ji ciwo ba, sai dai kafaɗa da ta bugu. Amma gaban motar ya lotse, fitila ɗaya ta fashe.

Bra Lefa ya sunkuya cikin motar. Ya fito da kulkin a hannu. Ransa a ɓace yake. Ya ce shi da kansa ya duba motar nan, babu komai a ciki. Ya ce da Molefi ne aka daka, da yanzu wani zance ake yi.

"Mthunzi, na san ka tun kana wanke tayoyi a nan," ya ce. "Wa ya mayar da wannan?"

Mthunzi ya dubi kulkin. Ya dubi yarinyar. Ya gane. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Motata ce, Bra Lefa. Laifin nawa ne."

"To ka san doka. Daga yau ba ka ƙara shiga filin nan."

Yarinyar tana tsaye a bayana, ta riƙe mini siket. Na duƙa na ce mata a hankali, "'Yata, in kin san wani abu, yanzu ne lokacin faɗa. In muka bar nan, an gama."

Can sai ta fito gaban mutane. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ni ce na saka. Malume bai sani ba."

Bra Lefa ya tambaye ta dalili. Ta ce Gogo ta ce in kulkin yana ciki, kakanta yana ciki. Ta ce ta ji an ce za a goge motar, ita kuma ba ta so kawunta ya shiga shi kaɗai. Daga nan kuka ya ƙwace mata.

Molefi ya sosa ƙeya. Ya ce shi da bakinsa ne suka jawo, ya ba ta haƙuri.

Bra Lefa bai yi mata tsawa ba. Ya kama hannunta ya kai ta wajen motar. Ya mayar da kulkin ƙarƙashin birki, ya ce ta taka. Ta taka da duk ƙarfinta, birki bai motsa ba. Ya cire, ya ce ta sake takawa. Birki ya sauka sumul.

"Kin gani?" ya ce. "Ba don mun raina kakanki muke fitar da shi ba. Don wannan ne."

Sannan ya juya ga Mthunzi. Ya ce tunda ba shi ya saka ba, ba za a kore shi ba. Amma ya yi masa faɗa a kan abu biyu. Bai sake leƙa ƙarƙashin kujera kafin ya tashi ba, kuma ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Ya ce rufa wa yaro asiri a irin wannan ba taimako ba ne.

Da muka koma gida, yarinyar da bakinta ta gaya wa Mama komai. Mama ta zagaya motar, tana shafa inda ya lotse. Sannan ta zaunar da jikarta ta ce, "Ni ma ban yi miki bayani duka ba. Kakanki ba ya tayar da mota sai ya duba ta ciki da waje. Da ya ga abin da kika yi, da shi zai fara ja miki kunne."

Gyaran ya ɗauki lokaci. Mama ta koma zuwa coci a ƙafa, yarinyar tana riƙe mata jaka. Duk Asabar kuma tana garejin kawunta, tana goge wurin da aka buga da takarda mai yashi, har yatsunta suka yi kanta. Ba ta taɓa ƙorafi ba.

Ranar da Tsohuwa ta koma fili, muna bakin shinge ni da ita. Mthunzi ya sa hularsa, ya leƙa ƙarƙashin kujera, sannan ya ɗago ya kira ta.

"Akwai wani da kika ɓoye mini a ciki yau?"

"Babu kowa, Malume. Kai kaɗai ne."

"To ki tsaya inda zan riƙa ganinki. Ya ishe ni."

Ya shiga, ya yi zagayensa lafiya, ya fito lafiya. A ranar babu wanda ya kai yarinyar nan tafi.

To yara, kun ji. 'Yata ba mugunta ta yi ba, ƙauna ce ta sa ta. Amma ƙauna ba ta hana birki tokarewa. In kun ga doka ba ku gane dalilinta ba, ku tambayi manya, kada ku karya ta a ɓoye. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku, kada ku bari wani ya ɗauki hukuncinku.