Ƙwai Huɗu da Sa Hannun Miji

Maganin barcin bai gama sakinta ba ta ji ana gardama ƙasa-ƙasa a bayan labule, mijinta ne da ma'aikaciyar ɗakin gwaji. Ƙwai huɗu kacal aka samu a jikinta da safen nan. Likita kuwa ya riga ya gaya mata karo na ukun nan na neman haihuwa ta dashen ƙwai shi ne na ƙarshe, jikinta ba zai ƙara ɗaukar allurai ba.

Ma'aikaciyar ta yaye labulen ta maimaita mata bayanin a kunne. Sau biyu a baya ana saka maniyyinsa cikin ƙwai da allura, ƙwan ya yi shiru kamar ba a taɓa shi ba, don maniyyin ba ya iya farkar da shi. Akwai ruwan maganin da ake tsoma ƙwan a ciki ya farka, ba tabbas dai, kuma sai su biyun sun sa hannu. Ƙwai ba ya jira, awa ɗaya ta rage.

Ita ta sa nata hannun tana kwance. Shi ko bironsa ya ƙi taɓa takardar, saboda a samanta an rubuta ɓaro-ɓaro cewa matsalar daga miji take. Ga Umma, mahaifiyarsa, tsohuwar ungozoma, zaune a gefen gado da tabarau a kan hanci, ba rubutun asibitin da ke wuce ta.

Shekara shida ita ke ɗauke da laifin. A gidan suna a ce boko ya busar mata da mahaifa, ƙannensa su miƙa mata jariri suna dariya wai ta ɗana. Ita lauyar da take tsayawa gaban alƙali ba ta ƙifta ido, ta haɗiye duka saboda shi. Ko sau ɗaya ba ta sunkuyar da kai ba, shi ya sa ma suka ƙara tsanarta.

Ya sunkuyo kusa da kunnenta, ya roƙe ta ta lallaɓa Umma ta fita tukuna.

"Masoyi, na gama lallaɓa kowa," ta ce, muryarta a dishe. "'Ya'yana ne ke mutuwa a cikin kwano kana kunya..."

Ya juya ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya fara magana yana inda-inda. Umma ta ɗaga masa hannu.

"Tashi. Tun shekara ta biyu na gane. Shekara talatin ina wannan aikin."

Matar ta juyo ta dubi surukarta.

"Kin sani, Umma? Kika bar ni da su?"

"Ke kina iya ɗauka, 'yar nan. Shi ba zai iya ba."

Mijin ya dubi mahaifiyarsa kamar yau ya fara ganinta, sannan ya miƙe ya sa hannu, ya danne biron har ya huda takardar. Ma'aikaciyar ta karɓa, ta ce sai gobe za a san ko ɗaya ya farka, ta shige ƙofar ɗakin gwajin da ba a bin ta.

Ya kama hannun matarsa yana kuka, yana kiranta rabin ransa. Ta bar masa hannun, ta juya fuskarta bango. Umma ta kira ta sau uku, ba ta amsa ba.