Famfon Hagu

Ƙarar da Baba ya yi daga banɗaki ce ta sa Auta sakin jakar magunguna a tsakiyar falo. Ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba.

Ta same shi dafe da bango, ya ɗaga hannunsa na hagu, fatar ta yi jawur. Famfon hagu a buɗe yake, yana kwararo da ruwan da zai iya fige kaza. Ta yi maza ta rufe, ta murɗa na dama, sai ga ruwan sanyi. Ta cusa hannun Baba a ciki.

"Wa ya juya mini famfo?"

A hankali ya yi tambayar, kuma wannan ne ya fi tsorata ta.

Tun da Auta ta buɗi ido a gidan nan, ruwan sanyi a hagu yake, na zafi a dama. Ko'ina akasin haka ake yi, amma ita ba ta taɓa tambayar dalili ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar dalilin da ya sa ƙofar ɗakinsu take kallon gabas. Baba ne ya ja bututun gidan da hannunsa a zamanin da yake mai gyaran famfo, kafin gwiwoyi su ajiye shi.

Sai ga wanda ya yi aikin ya leƙo daga tsakar gida, yana goge hannu da tsumma, fuskarsa ɗauke da murmushin mai jiran yabo. Murmushin bai kai ko'ina ba.

"Ni ne, Baba. Na ga an haɗa su a juye, shi ne na..."

"Fita."

"Baba, don Allah..." in ji Auta.

"Ke ma yi mini shiru. Kin ɗauka ban san ko wane ne shi ba?"

Ashe duk ɓoye-ɓoyen da take yi, tsohon nan yana kallonta ne kawai.

Injiniya take ce wa saurayin, don tsokana, tun ranar da ya zo gyaran famfo a kantin maganin da take aiki ya fita jiƙe sharkaf yana ba kowa haƙuri. Daga tsokana aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma waya har batir ya mutu. Tana son sa, son da ke hana ta zama wuri ɗaya. Matsalar ɗaya ce: Baba ya sha rantsuwa cewa 'yarsa ba za ta auri mai irin sana'arsa ba. Ya ce ya isa haka, marigayiya mahaifiyarta ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke kaya masu warin kwata, ba za a maimaita a kan autarsa ba.

Saboda haka ranar da tsohuwar hitar ɗumama ruwa ta banɗaki ta fara yoyo, bango ya jiƙe har fenti na kumbura, Auta ta ga kamar addu'arta ce aka amsa. Wa ya taɓa ganin mutum yana murna da yoyo? Ta ce wa Baba ta san wani mai gyara a unguwa, ana yabon aikinsa. Lissafinta shi ne Baba ya fara ganin hannun mutumin kafin ya ji abin da ke bakinsa.

Ranar farko abin ya tafi daidai. Injiniya ya rufe ruwan gidan, ya roƙi a kashe rediyo, ya kara kunne a bango yana bi a hankali har ya tsaya a wuri ɗaya ya ce nan ne. Tayil ɗaya tak ya cire. Baba, da ke zaune a kujera a bakin ƙofa yana jiran abin kushewa, bai samu ba, sai ya yi gyaran murya ya ce a kawo wa yaron ruwa. A wurin Baba wannan lambar yabo ce.

Amma akwai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ita tuni ta yi wa Auta miji a zuciyarta, ɗan wata ƙawarta mai sayar da motoci, wanda turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Ta kalli Auta sama da ƙasa ta tambaye ta tun yaushe aka fara sa kwalli don tarbar mai gyaran famfo. Auta ta yi dariyar yaƙe ta wuce.

Washegari ranar asibitin Baba ce, Auta ta raka shi. Gwaggo kaɗai aka bari a gida lokacin da aka ɗaura sabuwar hita.

Abin da ya biyo baya kuwa ga shi nan naɗe da bandeji a hannun Baba.

Kwanakin da suka biyo, Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zauna, ta tashi. Ta share falon da ta riga ta share. A wurin aiki ta miƙa wa mai tari maganin ciwon ido, sai da abokiyar aikinta ta fizge. Wayarta na ta haske da sunansa, tana kifa ta. Haushinsa take ji, tana jin haushin kanta da ba ta gaya masa ba, kuma tana kewarsa, duk a lokaci guda.

Saƙo ɗaya ta buɗe.

"Zuciyata, yaya hannun Baba? Ko zagina ne ki ɗauka ki yi, na fi son sa da shirun nan..."

Ta rubuta amsa, ta goge. Ta sake rubutawa, ta sake gogewa.

Gwaggo kuwa bakinta bai huta ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labarin yaron da ya zo neman aure ya fara da dafa suruki. Mai motoci ya zo har falo da kwandon lemo, ya ce shi zai turo ƙwararru daga kamfani su canja komai, a fasa bangon gaba ɗaya a huta. Baba ya ce ya gode, kuma kada wanda ya sake taɓa masa bango.

Ya daina amfani da famfon banɗakin kwata-kwata. Da bokiti yake alwala, da bokiti yake wanka, a gidan da shi ya ja wa ruwa. Ita ma Auta kullum sai hannunta ya tafi hagu kafin ta tuna, don bahaguwa ce, ta janye da sauri tana tsaki.

Wata safiya ta dawo ɗaukar makullin da ta manta, sai ta ji ƙarar ƙarfe a banɗaki. Ta tura ƙofa.

Baba ne a ƙasa, a kan gwiwoyin da likita ya hana shi durƙusawa da su, ya zura kai ƙarƙashin wurin wanke hannu. Tsohuwar sifanarsa na hannun dama, na hagun mai bandeji ya kasa riƙe bututu. Sifanar ta suɓuce ta faɗi a tayil. Ya yi yunƙurin tashi ya kasa.

Ta rungumo shi ta zaunar a bakin baho. A nan ta ga hawaye a fuskar mahaifinta, abin da rabonta da gani tun ranar da aka fita da gawar mahaifiyarta.

"Baba, famfo ne fa kawai..."

Ya kamo hannunta na dama, ya ture hannun rigarta sama, ya ɗora babban yatsa a kan tabon da ke damtsenta. Tun tana ƙarama aka ce mata butar shayi ce.

Ba buta ba ce. Ya gaya mata cewa mahaifiyarta ma bahaguwa ce, komai za ta taɓa hannun hagu ne ke fara zuwa. Wata rana tana yi wa Auta wanka, tana jaririya, ta rungume ta da dama ta murɗa famfon hagu ba tare da tunani ba. A lokacin na zafi ne a can, kamar na kowa. Jaririya ta warke, uwar ce ba ta warke ba. Ta daina yarda ta yi wa 'yarta wanka, in ta ga famfo sai jikinta ya ɗau rawa. Shi ne ya fasa bangon da kansa ya juya bututun, ya kamo hannunta na hagu ya ɗora a kan famfo ya ce ta murɗa.

"Na ce mata, daga yau duk abin da hannunki ya fara taɓawa a gidan nan ba zai cuce ki ba. Kullum na buɗe na ji sanyin nan, sai in ji kamar tana ɗakinta. Yanzu an gyara mini."

Auta ta kifa kai a cinyarsa ta yi kuka mai isarta. Da ta ɗago ta tambaye shi wa ya san wannan labarin. Ya ce shi da marigayiya, sai Gwaggonta, don ita ta riƙe jaririyar a hanyar asibiti.

Ta fita tsakar gida, ta kira lambar da ta yi kwanaki tana gudu. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ranar nan, ka tambayi wani kafin ka juya?"

Sai ya hau tambayarta jikin Baba.

"Injiniya, magana nake."

"Hannuna ne ya yi aikin, masoyiya. Bar shi a kaina."

"To ɗauko kayanka ka zo. Yanzu."

Kafin ta gama share hawaye ya iso, gumi na tsatstsafo masa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa nesa da Baba, ya ajiye akwatin kayan aiki a gefe bai buɗe ba. Gwaggo ta fito tana tafa hannu, tana tambayar ko ɗaya hannun ya dawo ƙarasawa.

"Baba, na yi laifi. Na ga aikin wani na ɗauka kuskure ne, ban nemi mai aikin na tambaye shi ba. Ban zo in gyara komai ba. Hannu na kawo muku, tunda naku na ciwo. Inda kuka ce in kama, nan zan kama."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambaye shi, ba wanda ya ce masa ya juya? Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ya juya. Baba ya ɗaga ido ya dubi ƙanwarsa. Kallo ɗaya ne, amma Gwaggo ta tuna ta bar wani abu a kan wuta, ta shige kicin ba ta ƙara fitowa ba.

"Kawo mini kujera," Baba ya ce wa Auta.

Aka ajiye masa a bakin banɗaki. Daga nan ya riƙa ba da umarnin mayar da bututun yadda yake a da, kuma kowa ya san Baba ba ya ba da umarni da daɗi. Ya ce tef ɗin da aka naɗa wa bakin bututu ya yi yawa. Aka rage, ya ce ya yi kaɗan. Ya ce yaran yanzu ɗauri suke yi kamar suna faɗa da ƙarfe. Injiniya yana kwance a tayil, ruwa na ɗiga masa a wuya, ba abin da yake cewa sai to Baba. Auta ta kasa tsayuwa ta kasa zama, ta je falo ta dawo, ta kawo ruwan da ba wanda ya nema. Da sifanar Injiniya ta ƙi kama wani tsohon noti, sai Baba ya tura masa tasa da ƙafa. Auta ta san ko yayyenta maza ba su taɓa samun izinin taɓa wannan sifanar ba.

Da aka gama aka buɗe ruwan gidan. Baba ya miƙe da ƙyar, ya kai hannunsa mai bandeji ya murɗa famfon hagu, ya tara yatsun da suka rage a waje. Ya tsaya haka, idonsa a rufe, ruwa na bin yatsunsa.

Injiniya ya goge sifanar da gefen rigarsa ya miƙa da hannu biyu. Baba bai karɓa ba.

"An ce kana gyara wani ɗan gida."

"E, Baba. Ɗaki biyu ne."

"Ka ja ruwa?"

"Na ja. Amma gobe zan kwance."

"Yoyo yake?"

"A'a." Ya saci kallon Auta, ya mayar da kai ƙasa. "Ita ma bahaguwa ce."

Baba ya juya musu baya, yana ta gyara zaman tawul ɗin da ba abin da ya same shi.

"Riƙe sifanar. Ka turo manyanka su same ni. Amma wancan famfon kada ka taɓa shi sai ina wurin, don har yanzu ba ka iya naɗa tef ba."

Ya dogara sandarsa ya fita. Injiniya ya bi bayansa da kujera, har yana tuntuɓe da akwatinsa.

Auta ta rage ita kaɗai a banɗaki, fuskarta duk hawaye, ga dariya na neman ƙwace mata. Ba ta tsaya tunani ba, ta kai hannun hagu ta murɗa famfo, ta tara ruwan sanyi ta wanke fuskarta.