Mai Juya Baba

Shekara shida Mama tana jinyar Baba, tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Duk bayan awa uku sai ta juya shi, don kada bayansa ya yi gyambo. Ranar da za ta rasu ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ka riƙa juya shi." Na ce to.

Sati biyu na yi na gaji. Ran nan na kulle shi a ɗaki tun azahar, na tafi kallon ƙwallo, ban dawo ba sai bayan isha'i.

A lungun gidanmu na yi kiciɓis da wata mata ɗauke da baho, duhu ya rufe fuskarta. Ruwan ciki yana tangaɗi amma ba ya ƙara, takunta ma haka. Na gaishe ta, ba ta ɗago ba.

"Ka makara," ta ce, muryar kamar daga cikin randa.

Kwaɗon ɗakin yana nan a kulle. Na buɗe. Baba yana kwance ta hagu, ni kuwa ta dama na bar shi. An sauya zanin gado, an sa filo tsakanin gwiwoyinsa, ɗakin sai ƙamshin man zafi.

"Baba, wa ya shigo?"

Ya daɗe yana kallona, bakinsa a karkace.

"Ta ce kada in yi maka faɗa," ya ce. "Wai laifinta ne, ita ta bar maka aikin da ya fi ƙarfinka."